Layi Ɗaya a Cikin Rauta

Daga asibitin tsallaken gada,
ranar Talata.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da matarka da yara, da fatan takardar nan za ta same ku da rai da lafiya. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Direban motar asibitinmu ne zai kawo maka. Shi kaɗai 'yan bindigar nan masu jan ƙyalle suke bari ya haye gada, sau ɗaya a rana, ya ɗauko mana tukwanen iskar numfashi. A takalminsa zai ɓoye ta. Kada ka tsare shi da surutu.

Yau kwana huɗu babu sabis a duk wannan tsallaken, ba kira, ba intanet. Ranar Asabar da hantsi ya ɗauke, kafin azahar masu jan ƙyallen suka shigo. Daga layin masu walda suka fara, gida-gida, suna fito da maza. Wanda ya yi gardama a bakin ƙofarsa ake harbe shi. Ba wanda ya iya kiran wani ya ce masa gudu.

Gadajenmu arba'in ne, yanzu muna da mutum sama da ɗari, har baranda. Jiya na ɗinke kan wani tela da aka sara da adda, babu allurar kashe zafi, matarsa ce ta danne masa ƙafafu. Jinin da muke ajiyewa ya ƙare. Babban likita ya ce da za mu samu intanet ko na minti goma, da ya aika wa masu agaji hotuna da jerin abin da muke nema, don ya tabbata ba wanda ya san abin da ake yi mana.

Kai ka ɗaura akwatin nan mai 'yan fitilu a ɗakin kwamfutarmu. Na je na duba, fitilunsa suna ci. Na kashe na kunna, abin da nake tsokanarka cewa shi kaɗai ka koyo a jami'a. Shiru. Me ya lalace? Waya aka yanke a gada? Ka faɗa mini abin da zan taɓa.

Ka ce wa Inna ina lafiya, ina cin abinci. Na biyun ƙarya ne, amma ka faɗa mata.

Ƙanwarka,
Auta

*

Ranar Laraba.

Auta,

Wa'alaikumus salam. Allah ya tsare ki, ya ba marasa lafiyarku sauƙi. Inna ta sa na karanta mata layinki na ƙarshe har sau uku, na tsallake inda kika ce ƙarya ne.

Na so in yi miki ƙarya, na kasa. Ba abin da ya lalace, kuma ba a yanke waya ba. Ni na rufe ku, da hannuna.

Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Akwatin nan sunansa rauta. Duk abin da kika aika ta intanet ana yayyanka shi ƙanana, kowane guntu da adireshin inda za shi. Aikin rauta irin naki ne idan kina teburin karɓar marasa lafiya: ki duba kati, ki ce wannan ɗakin haihuwa, wancan ɗakin ƙashi. Ba ki raka kowa, ƙofa ta gaba kawai kike nunawa. Haka rauta take miƙa wa rauta, har saƙo ya isa. Kowace tana da jadawali a cikinta, layi-layi: masu adireshi kaza, ku bi ta ƙofa kaza. A babbar rautar ofishinmu layi ɗaya ne tak yake nuna hanyar tsallakenku, kuma har eriyoyin wayar salula na wajenku ta nan suke bi.

Ranar Asabar da safe mutum takwas masu jan ƙyalle suka shigo mana. Babbansu muna kiransa Mai Sanda, saboda guntun rodin da ba ya rabuwa da shi. Ya ce in kashe tsallaken gada kawai, in bar wannan ɓangaren, don su ma suna amfani da shi. Na ce aikin ba ƙarami ba ne, zai ci kwana biyu. Bai yi musu ba. Ya sa aka shigo da Baba maigadi, wanda yake ajiye miki kujera a inuwa duk ranar da kika zo jirana. Aka durƙusar da shi tsakanin na'urori, Mai Sanda ya harbe shi a gwiwa. Ya juyo ya ce, "Injiniya, yanzu kwana nawa?"

Na ce a kai shi asibiti tukuna. Ya ɗora bakin bindigar a ɗaya gwiwar.

Auta, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Na goge layin. Rautarmu ta sanar da maƙwabtanta cewa ba ta san hanyarku ba, su ma suka sanar da nasu, haka suke yi wa juna. Kafin Baba ya daina ihu duniya ta manta da ku. Kuma duk da haka ba su bari an fitar da shi ba. A nan ƙasa jini ya ƙare masa, kansa a cinyar Dogo, abokin aikina.

Ban san abin da za su yi da rufewar ba. Ko in ce, ban tsaya na tambayi kaina ba.

Yanzu kullum da safe mota take ɗauko ni da Dogo, a zaunar da mu da 'yan bindiga biyu a bayanmu, da yamma a mayar da mu. Sun san gidan, sun san makarantar yara.

Ki zage ni idan kina so. Ki dai kula da kanki.

Yayanki

*

Ranar Alhamis.

Yaya,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kawu Mai Taya ya rasu. Tun kafin in rubuto maka ranar Talata na sani, na ɓoye maka don kada Inna ta ji, hawan jininta ya tashi. Yanzu kai ne ya kamata ka ji.

Ranar Asabar ya je bakin gari sayo kayan faci. Da aka fara harbi matarsa ta ɗauki waya don ta ce masa kada ya dawo. Ta nuna mini wayar, kira ashirin da bakwai, ko ɗaya bai shiga ba. Ya shigo layinsu a kan babur da kayansa a baya, bai san komai ba. Suka tare shi, suka farke masa ciki da wuƙa, suka cinna wa babur ɗin wuta. A baro maƙwabta suka turo shi. Na tura hannuna cikin cikinsa ina neman inda jinin yake fitowa, shi kuwa yana cewa, "Auta, ke ce? Kin ci abinci?" Ƙanin mahaifiyarmu, Yaya. Wanda ya saya maka kwamfutarka ta farko.

Na san an sa maka bindiga. Na san da ni ce wataƙila abin da zan yi ke nan. Amma kada ka ƙara yi mini misali da teburin asibiti. Ni idan na nuna wa mutum ƙofa, akwai wani a bayanta.

Ban rubuto don zagi kawai ba. Jiya sun shigo asibiti suna neman wasu samari. Babban likita ya tare ƙofar ɗakin tiyata, suka fasa masa baki da gindin bindiga, suka jawo mutum biyu daga kan gado da robar ƙarin ruwa a hannunsu. Mun ji harbin a bayan katanga. Sun ce za su dawo.

Kai ka rufe, kai za ka buɗe. Kada ka ce mini ba hanya. Mutumin da ya shekara goma yana cika mana kunne da cewa intanet ba ta da hanya ɗaya, yau ga ranarka.

Kada ka faɗa wa Inna tukuna.

Auta

*

Ranar Juma'a.

Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kawu. A banɗakin ofis na karanta, na buɗe famfo don kada su ji ni. Ba ni da bakin kare kaina.

Ba zan iya mayar da layin ba. Kullum da safe suna sa Dogo ya karanta musu jadawalin, kuma suna da mutum a tsallake riƙe da waya yana dubawa. Amma akwai wata hanya.

A kan rufin asibitinku, bayan tankin ruwa, akwai farar eriya mai kama da faranti. Shekara uku da suka wuce na kafa ta don gwaji, aka fasa aikin, aka manta da ita. Tana kallon gidan ruwan da ke kan tudu, can gabas. A can akwai wata ƙaramar rauta tamu da take haɗe da layin wani kamfani na wajen gari. Tudun ba ya hannun masu jan ƙyalle.

Ga abin da za ki yi, bi da bi.

Ki hau rufin da rana, lokacin da za ki iya hango tudun. Ki tabbata farantin yana kallon dogon ƙarfen da ke kan gidan ruwan. Idan iska ta karkata shi, ki kwance ƙusoshi biyu na baya, ki juya a hankali har 'yan fitilun bayansa su kama, aƙalla uku.

Baƙar wayar da ta sauko daga rufin tana naɗe a bayan kabad, a ɗakin kwamfuta. Akwai ɗan ƙaramin akwatin wuta a jikinta, ki jona shi. Bakin wayar ki sa a rami na biyu na rautar. Na ɗaya shi ne mai zuwa wajenmu, ki ƙyale shi.

Sai ki haɗa kwamfutar ofis da rautar, ki shiga da kalmar sirrin da na rubuta a bayan takardar nan. A ƙasan jadawali akwai layi na ƙarshe, wanda yake cewa: duk saƙon da ban san hanyarsa ba, a miƙa shi ga wane. Yanzu adireshin ofishinmu ne a wurin, shi ya sa duk abin da kuka aika yake zuwa ya mutu a hannuna. Ki goge shi, ki sa na tudu. Lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, na rubuta su manya-manya. Ɗigo ɗaya kika ɓata, aikin banza. Ki karanta sau biyu, kamar maganin jariri.

Idan kin gama ki aiko mini. Akwai ɗan abin da zan ƙarasa daga nan.

Ki ƙona takardar. Kada ki miƙe tsaye a rufin, ana hango shi daga gada.

Yayanki

*

Ranar Asabar.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ka yi haƙuri da zafin takardata ta baya, ko da yake ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na yi. Ni da mai gyaran janaretanmu muka hau, wani dattijo mai 'ya'ya shida da ya ce ba zai bar mace ta riƙe sifana yana kallo ba. Da rarrafe muka isa bayan tankin. Farantin ya karkata, sama yake kallo kamar mai roƙon ruwa, ƙusoshin sun yi tsatsa. Da ta farko ta ƙi kwancewa sai dattijon ya manta da gargaɗinka, ya miƙe don ya danna da ƙarfinsa. Harsashi na farko tankin ya samu, ruwa ya yi ta feshi a kanmu. Na biyu ya shiga kafaɗarsa ya fita ta baya. Ya faɗo kaina. Na cusa ɗankwalina a ramin, na ce mu sauka. Ya ce, "Malama, jinin nan ya riga ya zuba, kada ya zuba a banza. Juya abin." Ina kwance a cikin ruwa da jini na juya, shi yana ƙirga mini fitilu. Huɗu suka kama.

Yana raye. Hannun ne ba mu sani ba tukuna.

Na sa waya a rami na biyu, na canza layin ƙarshe, na karanta sau uku. Fitilar ramin tana ƙiftawa, alamar abu yana fita. Amma ba abin da yake buɗewa. Na gwada abin nan da ka taɓa nuna mini na ƙwanƙwasa wa wata na'ura ƙofa. Tudu yana amsawa. Duk abin da ke bayan tudu shiru, allo sai cewa yake babu amsa.

Ni ba injiniya ba ce, amma ba sakarya ba ce. Mene ne "ɗan abin" da za ka ƙarasa? Daga wace kujera za ka yi shi, kuma wa zai tsaya a bayanka? Ka faɗa mini gaskiya kafin ka taɓa komai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Ranar Lahadi.

Auta,

Salama da gaisuwa. Allah ya saka wa dattijon nan, ya tashi kafaɗarsa. Ke kuma kin yi aikin da wasu masu digiri ba su iya ba.

Gaskiyar ita ce, hanya biyu ce kullum, ta tafiya da ta komowa. Saƙonninku suna fita, amma amsa ba ta san ta inda za ta dawo muku ba. Sai na shiga rautar tudu daga nan na rubuta mata cewa masu adireshin asibiti suna bayan farantin, ta kuma sanar da na gaba da ita. Layi ɗaya ne. Sai dai duk wanda ya shiga, na'ura tana rubuta sunansa da lokaci. Dama ɗaya gare ni, shi ya sa na jira ki gama.

Yau da safe na sa matata ta kai Inna da yara gidan yayarta a bayan gari, wai duba mara lafiya.

Gobe ƙarfe goma ku zauna a gaban kwamfuta, hotuna da jerin magunguna a shirye. Kada ku tsaya gaishe-gaishe, ku fara da mafi muhimmanci.

Ba shawararki nake nema ba, Auta. Ni ne babba.

Yayanki

*

Ranar Laraba.

Zuwa ga Malama, ƙanwar Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne wanda ake kira Dogo, abokin aikin yayanki. Mun taɓa gaisawa sau biyu a ofis. Direbanku ya zo jiya da shekaranjiya da takardunki, bai sami wanda zai ba ba. Suna wurina, ban buɗe ba.

Wajibi ne in sanar da ke abin da ya faru, har da nawa laifin.

Ranar Litinin ƙarfe goma saura kaɗan Injiniya ya ce wa masu gadinmu zai duba wata matsala a layin Mai Sanda. Ina gefensa, na ga abin da ya rubuta, na kawar da kai. Da ya gama ya canza kalmar sirrin rautar tudu, ya rufe, ya nemi a ba shi ruwa ya sha.

Kafin la'asar hotunan asibitinku sun zagaya ko'ina. Mai Sanda ya shigo da waya a hannu, yana nuna mana hoton mutanen da aka harbe a bayan katangarku. Ya ce ta ina wannan ya fita. Ya kama ni ya buga kaina da ƙarfen kabad har sau uku, ya karanto mini sunan unguwarmu da launin ƙofar gidana. Ya ce in buɗe rajistar na'ura in karanta. Malama, na karanta. Na faɗi suna, na faɗi lokaci. Injiniya ya dube ni ya ce, "Ba komai, Dogo, ai rubuce yake."

Suka ce ya goge layin. Ya ce ya manta kalmar sirri. Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur, mutum biyu suka danne. Mai Sanda ya ɗaga rodin. Yatsa ɗaya, tambaya ɗaya. Da na dama suka ƙare aka koma na hagu. Ya yi ihu, ya kira Inna, ya yi amai, ya suma aka watsa masa ruwa. Amma ko harafi ɗaya bai ba su ba. A na takwas Mai Sanda ya gaji, ya jefar da rodin, ya ce ko ya tuna yanzu da me zai rubuta.

Suka ja shi ta ƙafa zuwa wata farar mota mai buɗaɗɗen baya. Ina tsaye a taga. Yana numfashi lokacin da aka jefa shi, na ga ƙirjinsa yana motsi. Motar ta bi titin ma'ajiyar siminti.

Sun sa ni in shiga rautar tudu, na gwada a gabansu, ba ta buɗuwa. Na ji suna cewa za su aika a harbo farantin da ke rufinku. Ku aika duk abin da ya rage da wuri.

Ba na neman ki ɗauke ni mutumin kirki. Ina roƙon ki yafe mini idan za ki iya. Allah ya bayyana shi.

Naku cikin nadama,
Dogo

*

Ranar Asabar.

Dogo,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode da ba ka rage komai ba.

Kwana biyu da rabi hanyar ta yi kafin su farfasa farantin. Ya isa. Shekaranjiya motocin agaji goma sha ɗaya suka haye gada da jini da likitoci, da masu ɗaukar hoto a bayansu. Jiya masu jan ƙyalle suka janye daga layin asibiti.

Da safiyar yau an kawo mana mutum tara da aka tsinta a bayan ma'ajiyar siminti, huɗu da rai. Na duba hannuwansu kafin fuskokinsu. Ba ya ciki.

Gobe ƙarfe takwas direbanmu zai tsaya a ƙofar ofishinku, ina cikin motar. Kai ka ga farar motar, kai za ka gane ta. Ka fito da takalmin da za ka iya yawo da shi, don ba za mu dawo da wuri ba.

Maganar yafiya kuwa, ba ni aka karya wa yatsu ba. Ka adana roƙonka, ka yi masa da bakinka.

Wassalam,
Auta